Jan Ƙarfe a Abincin Ɗan Adam: Ma'auninsa da Sunansa, Bisa Misalin Gundumar Dakoro

1. Gabatarwa

Cikin ma'adinan da jikin ɗan Adam yake bukata akwai waɗanda yake so da yawa, kamar sinadarin ƙashi, akwai kuma waɗanda ɗan ƙanƙani ya ishe shi. Jan ƙarfe, wanda masana kimiyya suke wa alama da Cu, yana cikin kashi na biyu. Abin da baligi yake bukata a yini bai cika miligiram ɗaya ba, miligiram kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na giram. Ƙwayar hatsi guda nauyinta wajen miligiram 8 ne. Wato bukatar mutum ta yini ba ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na nauyin ƙwayar hatsi ba, kuma dukan jan ƙarfen da ke jikin babban mutum, wajen miligiram 100, bai fi nauyin ƙwaya goma sha uku ba. Duk da wannan ƙanƙanta, rashinsa yana kawo cuta, yawansa ma yana kawo cuta.

Wannan maƙala za ta bayyana aikin jan ƙarfe a jiki, da abincin da ake samunsa, da mutanen da ke cikin haɗarin ƙarancinsa ko yawansa, bisa misalin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi. Za ta kuma duba kalmomin da ya kamata a yi amfani da su cikin littattafan yaƙi da jahilci, domin a wannan fanni kuskuren suna yana iya zama kuskuren magani.

2. Matsalar suna

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin jan ƙarfe a matsayin haja. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, wadda masu binciken kufai suka danganta da Azelik a yammacin Agadas. Ya bayyana yadda ake narka jan ƙarfe a can, a zuba shi sanda-sanda, masu kauri da sirara, a yi ciniki da su kamar kuɗi, kuma ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai shi. Birnin Lalle, da ke cikin gundumar Dakoro ta yanzu, yana cikin tsofaffin biranen da tarihin Gobirawa yake ambata. Saboda haka kalmomin da Hausa take da su na maƙera ne da ƴan kasuwa, an yi su domin abin da ido yake gani, ba domin abin da ke ɓoye cikin abinci ba.

Kalmomi uku ne suka fi yawo: jan ƙarfe, da tagulla, da gaci. A bakin jama'a ukun sukan maye gurbin juna, alhali kuwa a kimiyya akwai abubuwa uku daban. Akwai jan ƙarfe zalla. Akwai haɗinsa da zinki, wanda ƙamusoshi suke kira tutiya, mai bayar da ƙarfe rawaya. Akwai kuma haɗinsa da kuza, wanda shi ne tagullar lambar yabo ta uku a wasanni. Faransanci ma bai tsira daga wannan ruɗani ba, domin kalmar cuivre takan shiga sunan haɗin nan rawaya, kuma mai fassara daga Faransanci yakan kwaso ruɗanin ya zuba cikin Hausa.

Ruɗani na biyu ya fi na farko haɗari. Ma'adinin da ake ba mata masu juna biyu domin ƙarin jini baƙin ƙarfe ne, amma takardun kiwon lafiya sukan taƙaita su ce sinadarin ƙarfe. Ƙwayar maganin kuwa sau da yawa ja ce. Sabon mai karatu da ya ga jan ƙarfe a wani shafi, ya ga sinadarin ƙarfe a wani, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka jar ƙwayar nan ake nufi.

Na uku shi ne dalma. Asalin ma'anarta ƙarfen nan ne mai nauyi da taushi, wanda jiki ba ya bukatarsa ko kaɗan, wanda kuma gubarsa ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a shekarar 2010. Amma a kasuwa akan kira tukunyar sanholo da tukunyar dalma. Ke nan kalma ɗaya tana ɗauke da guba da kuma kayan girki na yau da kullum.

3. Aikinsa a jiki

An tabbatar da cewa jiki yana bukatar jan ƙarfe a shekarar 1928, a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka. Hart da Steenbock da Waddell da Elvehjem sun ciyar da ɓeraye madarar shanu zalla har jininsu ya ragu. Da aka ba su baƙin ƙarfe shi kaɗai ba su warke ba, sai da aka haɗa musu da ɗan jan ƙarfe. Dalili shi ne, baƙin ƙarfe ba ya iya fita daga bangon hanji da hanta ya isa ɓargo, inda ake yin jini, sai da taimakon waɗansu sinadarai masu ɗauke da jan ƙarfe. Mafi shahara cikinsu shi ne seruloplasmin, wanda hanta take yi, wanda kuma yake ɗauke da mafi yawan jan ƙarfen da ke cikin ruwan jini.

Ban da wannan, jan ƙarfe yana cikin sinadarin da ƙwayoyin halittar jiki suke amfani da shi wajen fitar da ƙarfi daga abinci. Yana cikin wanda yake ɗaure zaruruwan ƙashi da na jijiyoyin jini domin su yi ƙwari. Yana cikin wanda yake yin baƙin launi na fata da gashi. Lafiyar ƙwaƙwalwa da laka, da yawan fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, duk suna da alaƙa da shi.

Jiki yana da ma'auninsa na kansa. Farkon ƙaramin hanji yana tsotsar jan ƙarfe daga abinci, in abincin yana da kaɗan ya ƙara tsotsa, in yana da yawa ya rage. Daga nan sai ya tafi hanta, wadda ita ce rumbunsa. Abin da ya yi saura hanta takan zuba shi cikin ruwan matsarmama ya fita tare da bayan gida. Saboda wannan tsari ne mai lafiya da yake cin abinci iri-iri ba kasafai yake samun ƙaranci ko yawa ba.

Ma'aunin da hukumar masana ta Amurka ta fitar a shekarar 2001 ya nuna bukatar yini kamar haka: jariri, wajen miligiram 0.2, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3, miligiram 0.34, ɗan shekara 4 zuwa 8, miligiram 0.44, baligi, miligiram 0.9, mai juna biyu, miligiram 1, mai shayarwa, miligiram 1.3. Iyakar da ta sa wa baligi ita ce miligiram 10 a yini. A shekarar 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta tsaida tata iyaka a wajen miligiram 5.

4. Abincin Dakoro

Gundumar Dakoro tana kan iyakar noma da kiwo. Kudancinta, wajen Kornaka da Sabon Mashi, ƙasar hatsi ce da wake. Arewa da kwarin Tarka, zuwa Bermo da Gadabeji, ƙasar makiyaya ce, Fulani da Abzinawa, kuma dokar shekarar 1961 ce ta shata iyakar da noma bai kamata ya ƙetare ba. Wannan rabo yana da muhimmanci ga batun da ake magana a kai, domin abincin manomi da na makiyayi ba su yi daidai ba wajen yawan jan ƙarfe.

Jadawalan sinadaran abinci suna nuna, a cikin kowane giram 100, ɗanyar hantar sa tana da wajen miligiram 10. Riɗi, wajen miligiram 4. Gyaɗa, wadda a Maraɗi ake kira gujiya, wajen miligiram 1. Busasshen wake, ƙasa kaɗan da miligiram 1. Hatsi, tsakanin rabin miligiram da miligiram 1. Waɗannan alƙaluma sukan sauya bisa ga iri da ƙasar da aka shuka, amma jerin fifikon bai cika sauyawa ba. Madarar shanu tana can ƙarshen jeri: lita guda cur ba ta wuce wajen miligiram 0.1 ba. Nonon uwa ya ninka ta sau biyu ko fiye, dakashi ya fi haka, kuma jikin jariri ya fi iya tsotsar wanda ke cikin nonon uwa.

Abin da wannan lissafi yake nunawa mai sauƙi ne. Magidancin da yake shan fura, yana cin tuwon hatsi da wake, ga ƙuli-ƙuli jefi-jefi, yana samun abin da ya ishe shi ba tare da sayen ƙwaya ba. Surfe mai tsanani yana rage wani kashi, domin ma'adinai sun fi taruwa a dusa, amma abin da ya rage cikin tsaba yana da amfani. Makiyayi baligi ma, muddin yana haɗa nono da hatsi, ba ya cikin damuwa. Matsalar tana ga waɗansu rukunoni ƙalilan, kusan dukansu ƙananan yara.

5. Waɗanda ƙaranci yake kamawa

Rukuni na farko shi ne bakwaini. Ɗan tayi yana tara jan ƙarfe cikin hantarsa a watanni uku na ƙarshen ciki, wannan guzuri ne yake ci a watannin farko bayan haihuwa. Wanda aka haifa kafin lokaci ya fito da guzurin da bai cika ba.

Na biyu shi ne jaririn da aka raina da madarar dabba zalla, kamar maraya ko wanda nonon uwarsa ya ƙafe. Wannan yana iya faruwa ko'ina, amma ya fi sauƙin faruwa inda madara take a hannu, hatsi kuwa sai an saya. A shekarar 1964, a ƙasar Peru, Cordano da Baertl da Graham suka bayyana ƙarancin jan ƙarfe ga jarirai masu tamowa waɗanda ake farfaɗo da su da abincin madarar shanu. Yaran suna ƙiba, amma jininsu yana raguwa, fararen ƙwayoyin jininsu suna ƙaranci, ƙasusuwansu suna rauni. Saurin girman da suke yi ne ya ƙara musu bukata, madarar kuwa ba ta iya biya ba.

Na uku shi ne yaro mai tamowa mai tsanani, musamman wanda ya daɗe yana zawo, domin zawo yana fitar da jan ƙarfe da zinki tare. A nan ne batun ya shafi Dakoro kai tsaye. A yunwar shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a garin Dakoro, kuma a wannan shekara ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a faɗin Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Abincin jinyar da aka yi amfani da shi ya riga ya ɗauki darasin Peru. Madarar farko da ake kira F-75 tana da jan ƙarfe da zinki a ciki, ba a sa mata baƙin ƙarfe, domin ba da shi ga yaron da bai farfaɗo ba yana iya tsananta cutar da ke jikinsa. Sai ya fara cin abinci yana ƙara nauyi ake ba shi. Haɗin gyaɗar nan na cikin leda, Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a shekarar 1996, shi ma yana da jan ƙarfe da zinki a ciki. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsaida a shekarar 2007 ya ce kowane giram 100 na irin wannan abinci ya ƙunshi jan ƙarfe miligiram 1.4 zuwa 1.8, da zinki miligiram 11 zuwa 14. An auna biyun ne tare da gangan.

Dalilin aunawar shi ne ya kawo rukuni na huɗu: mai shan zinki da yawa na dogon lokaci. Zinki yana sa bangon hanji ya yi wani sinadari da yake riƙe jan ƙarfe ya hana shi shiga jini. A shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai zawo zinki miligiram 20 a yini, ko miligiram 10 in bai kai wata 6 ba, har kwana 10 zuwa 14. Wannan gajeren magani yana da amfani ƙwarai, kuma ba ya kawo ƙarancin jan ƙarfe. Haɗarin yana ga wanda ya mai da ƙwayar abin sha na watanni ba tare da umurnin likita ba. Saboda wannan ne aka sa iyakar zinki ga baligi a miligiram 40 a yini.

Akwai kuma wata cuta ta gado wadda John Menkes ya bayyana a shekarar 1962. Kusan ƴaƴa maza kaɗai take kamawa. Hanjin yaron ba ya iya tura jan ƙarfe cikin jini, gashinsa ya yi fari-fari yana kakkaryewa, ƙwaƙwalwarsa ta kasa girma. Ba ta da yawa, kuma ba rashin abinci yake kawo ta ba.

Wajibi ne a yi hattara a nan. Ƙarancin jini ya yawaita a yankin, amma manyan dalilansa su ne ƙarancin baƙin ƙarfe, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da sikila. Likita ba ya zargin jan ƙarfe sai jini ya ƙi ƙaruwa bayan an magance waɗannan. Awon jini ma yana iya ruɗarwa, domin seruloplasmin yana ƙaruwa lokacin ciki da lokacin zazzaɓi, sai awo ya nuna wadata alhali rumbun ya yi ƙasa.

6. Waɗanda yawa yake kamawa

Abinci shi kaɗai ba kasafai yake kai mai lafiya ga yawan jan ƙarfe ba. Hanyar da aka fi sani ita ce mazubi. Abu mai tsami, kamar nono, ko kunun tsamiya, ko zoɓo, in ya kwana cikin kwanon jan ƙarfe ko na tagulla wanda ba a shafe cikinsa da kuza ba, yakan narkar da ƙarfen. Koren tsatsa da ke fitowa a jikin kwanon alama ce. Wanda ya sha yakan ji ɗanɗanon ƙarfe, sai tashin zuciya da amai da ciwon ciki. Ga ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 2 cikin lita.

Ga jarirai abin ya fi muni. A Indiya an daɗe ana fama da wata cutar hanta mai kashe ƙananan yara, har bincike na shekarun 1980 ya danganta ta da tafasa madara da ajiye ta cikin tukwanen tagulla. Da aka daina amfani da su, cutar ta ragu ƙwarai. A yankin Tirol na ƙasar Ostiriya an ƙirga yara 138 da irin wannan cuta ta kashe tsakanin 1900 da 1974, inda gado da tukwanen jan ƙarfe suka haɗu. A ƙasar Hausa an yi sa'a, domin nono cikin ƙwarya ake ajiye shi, fura ma a ƙwarya ake dama ta, ƙwarya kuwa ba ta zubar da ƙarfe. Wannan al'ada ta cancanci a ƙarfafa ta.

Cutar gado ta wannan ɓangare ita ce wadda Kinnier Wilson ya bayyana a Ingila a shekarar 1912. Tana kama wajen mutum ɗaya cikin dubu 30. Hantar mai ita ba ta iya zuba jan ƙarfe cikin ruwan matsarmama, sai ya taru a hanta da ƙwaƙwalwa da ido. Takan bayyana tsakanin ƙuruciya da samartaka, da shawara, ko kumburin ciki, ko rawar hannu da sarƙewar harshe, ko sauyin hali da jama'a za su iya ɗauka taɓin hankali ne ko iska. Sai yaro ya gaji irin cutar daga uwa da uba duka take fitowa, saboda haka auren zumunci yana ƙara yiwuwarta. Tana da maganin sha tun shekarar 1956, lokacin da John Walshe ya fara amfani da fenisilamin. Ana kuma amfani da zinki, saboda halinsa na tare jan ƙarfe da aka ambata a baya. Maganin na tsawon rai ne, kuma mai cutar yana ƙaurace wa hanta.

Munduwa da zoben jan ƙarfe da ake sawa domin sanyin ƙashi ba su shiga wannan lissafi ba. Gwajin da aka yi a Jami'ar York ta Ingila, wanda aka buga a shekarar 2013, bai sami wani amfaninsu ga ciwon gaɓoɓi ba.

7. Shawarwari ga masu tsara littattafai

Game da kalmomi, ana ba da shawara huɗu. A tsaida jan ƙarfe ga ma'adinin nan zalla, a rubuta shi cikakke ko'ina. A rubuta baƙin ƙarfe cikakke ga ma'adinin ƙarin jini, kada a bar kalmar ƙarfe ita kaɗai. A bar tagulla ga haɗe-haɗe da kayan da ake ƙerawa da su. A keɓe dalma ga ƙarfen nan mai guba, a kira tukunyar girki ta zamani da sanholo. A farkon ambato a bayyana cewa jan ƙarfen abinci ido ba ya ganinsa, kuma ba a samunsa ta hanyar jiƙa ƙarfe a ruwa ko kankare munduwa, domin darasin da ya ce jiki yana bukatar jan ƙarfe, ya yi shiru a nan, yana iya kai mai karatu ga shan guba da kyakkyawar niyya.

Game da saƙo, abin da uwa ko uba suke bukata daga darasi bai wuce biyar ba. Jariri ya sha dakashi, ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Daga wata 6 a haɗa masa kunun hatsi da garin wake ko gyaɗa ko riɗi, da ƴar hanta in ta samu. Jaririn da ba shi da nonon uwa, da bakwaini, a kai su gidan likita, kada a tsaya ga madarar dabba kaɗai. Abincin jinyar tamowa na mara lafiya ne, an auna shi bisa nauyinsa, raba shi da ƴan uwansa yana rage masa magani. Abu mai tsami kada ya kwana cikin tagulla.

Alƙaluman miligiram na malami ne da ma'aikacin lafiya. A littafin ɗalibi misalin ƙwayar hatsi ya fi su isar da ma'ana.

8. Kammalawa

An ga cewa jan ƙarfe ma'adini ne da jiki yake bukata kaɗan, yake kuma auna shi da kansa ta hanyar hanji da hanta. Hatsi da wake da gyaɗa da riɗi, waɗanda gonakin Dakoro suke bayarwa, sun ishi mai lafiya. Kulawa ta musamman tana ga bakwaini, da jaririn madarar dabba, da yaro mai tamowa, da mai shan zinki ba bisa ƙa'ida ba, da kuma mai cutar gado. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne su tattara kalmomin da maƙera da ungozomomi da makiyaya suke amfani da su a kasuwannin gundumar, cikin Hausa da Fulatanci da Tamajak, su gwada kalmomin da aka ba da shawara a nan cikin azuzuwan manya, kafin a buga su cikin littafi.